Maganin toshe yoyon ruwa a injin da aka sake haɗawa: abin da na gani bayan na gwada iri biyu

Duk wanda ya taɓa sauke inji ya wargaza shi, ya kai bulok, wato gangar jikin injin, aka wanke aka faɗaɗa silinda, ya sa sababbin fistin da ringi da metal ɗin da kiranshaf yake juyawa a kai, sannan ya shafe makonni yana ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya, ya san irin faɗuwar gaban da ake ji idan injin ya tashi lafiya a karon farko, amma da gari ya waye aka tarar da wata siririyar jiƙa ta gangaro a gefen bulok. A wannan lokacin ne kwalbar maganin toshe yoyo take fi jan hankali, domin tana alkawarin cewa ba sai an sake kwance komai ba, a zuba ta a lagireto kawai a bar injin ya yi zafi. Na yi amfani da irin wannan magani a injuna biyu da aka sake haɗawa, ɗaya nawa ɗaya na wani abokina da muka yi aikin tare, kuma sakamakon ya bambanta ƙwarai, har ya sa na daina ɗaukar waɗannan kayayyaki a matsayin abu guda. Kwalaben suna kama da juna a kan kanta, amma abin da ke cikinsu da irin yoyon da kowanne zai iya tsayarwa sun yi nisa da juna.

Abin da na fara gwadawa shi ne ƙwayoyin nan masu launin ƙasa da ake narkarwa a ruwan sanyaya inji. Kamfanin Bar's Leaks na Amurka, wanda yake wannan sana'a tun 1947, yana sayar da su, haka kuma General Motors yana da nasa a ƙarƙashin sunan ACDelco. Mutane da yawa kan yi mamaki idan suka ji cewa abin da ke cikinsu garin tsirrai ne, mafi yawa saiwar citta da ɓawon almon da aka niƙa lukwi. Yadda suke aiki ba wani abin ɓoye ba ne. Garin yana yawo a cikin ruwan, kuma duk inda ruwa yake samun hanyar fita, can yake jan ƙananan zaruruwan su cushe a bakin ƙofar, wani ya hau kan wani har hanyar ta rufe. Bayanin da masu yin sa suke bayarwa shi ne zaruruwan suna ɗan tsukewa a cikin ruwa mai zafi, idan suka kai waje iska ta busar da su sai su kumbura su kama wurin. Toshiyar da suke yi mai taushi ce, tana iya bin motsin ƙarfe idan ya yi zafi ya buɗe ko ya huce ya koma, kuma ba ta manne wa komai har abada.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwar zuba su a sabon inji shi ne cewa masu ƙera motoci da kansu sun yi hakan. General Motors ya riƙa sa waɗannan ƙwayoyi a wasu motocinsa tun daga masana'anta, kuma injin Cadillac mai suna HT4100, wanda ya fito a 1982 da bulok na alminiyon da top silinda, wato murfin da ke kan bulok, na ƙarfen zubi, ya shahara da cewa ana ƙara masa su duk lokacin da aka canza ruwa. A farkon shekarun 2000 Subaru ma ya umarci dillalansa a Amurka su zuba wani ruwan toshiya a wasu injunansa masu lita 2.5 da suke tsatsafo da ruwa ta gefen gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin bulok da top. Sai dai adalci ne a faɗi ɗaya gefen. General Motors ɗin nan ya rubuta wa makanikansa daga baya cewa kada su mayar da ƙwayoyin abin zubawa a kowane gyara, domin idan suka yi yawa suna canza launin ruwan har a zaci wani abu ne ya gurɓata shi. Wato su kansu masu ƙera injin sun ɗauke su a matsayin maganin ƙaramin tsatsafo, a wuri sananne, da awo.

Injina tsohon inji ne mai silinda takwas, bulok da top duk na ƙarfen zubi, irin waɗanda ramukan notunan top suke ɓullawa kai tsaye cikin hanyoyin ruwa. Wannan tsari sananne ne, misali a ƙaramin bulok na Chevrolet da aka fara ƙerawa a 1955, kuma shi ya sa dole a shafa gam na musamman a tiredin kowane noti kafin a ɗaura, in ba haka ba ruwa zai bi tiredin ya hauro. Ni na maye gurbin notunan da sanduna masu tiredi a kai biyu, waɗanda ake dasawa a bulok sannan a ɗaure su daga sama, kuma na shafa gam ɗin, amma bayan injin ya yi zafi ya huce sau uku sai na ga ɗigo yana taruwa a ƙarƙashin noti biyu na layin waje. Ruwan bai kai ya ɗiga a ƙasa ba, zafin injin yana busar da shi ya bar farin tabo. Laifin nawa ne, ko dai gam ɗin bai wadata ba ko kuma ramukan ba su bushe sarai ba lokacin da na dasa sandunan.

Ban zuba komai ba sai da na tabbatar da abin da nake fama da shi, kuma a ganina wannan matakin ya fi maganin kansa muhimmanci. Na ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto injin yana sanyi, na hura har matsin da aka rubuta a jikin murfin, na zauna ina kallon allura. Ta sauka a hankali ƙwarai, kuma ɗigon ya bayyana a wuraren nan biyu kawai. Na cire fulogi duka na leƙa cikin silinda da fitila, babu jiƙa a kan fistin ko ɗaya. Na duba baƙin mai, launinsa bai canza ba kuma yawansa bai ƙaru ba. Daga nan na yi gwajin shuɗin ruwan nan da ake ɗorawa a bakin lagireto injin yana aiki, wanda yake komawa rawaya idan hayaƙin ƙonewar fetur yana shiga cikin ruwa, kuma ya tsaya shuɗi. Da waɗannan na san cewa yoyon daga ruwa yake zuwa waje, ba ya shiga silinda kuma ba ya haɗuwa da mai.

Dalilin da ya sa wannan bambanci yake yanke hukunci magana ce ta matsi. Murfin lagireto yana riƙe matsin da bai wuce kusan bar ɗaya ba a yawancin motoci (bar ma'aunin matsi ne), kuma amfaninsa shi ne ya ɗaga zafin da ruwa yake tafasa. Haɗin rabi ruwa rabi gilaikol, wato sinadarin da ake gauraya ruwan sanyaya inji da shi, yana tafasa a wajen digiri 107 na ma'aunin Selsiyus idan a buɗe yake, amma a ƙarƙashin murfi yakan haura 125 kafin ya tafasa. Toshiyar garin tsirrai tana iya jure wannan ɗan matsi ba tare da wahala ba, musamman da yake matsin yana tura garin ne zuwa cikin ramin, wato yana taimaka masa. A cikin silinda kuwa, lokacin da mai ya kama wuta, matsin yana kai bar gommai a injin fetur, a injin dizal na zamani ma ya wuce ɗari, kuma yana zuwa ne da wuta sau ɗaruruwa zuwa dubbai a cikin minti ɗaya. Idan tsaga ta haɗa silinda da hanyar ruwa, iskar ƙonewa ce take bugowa daga ciki tana korar duk abin da ya nemi zama a bakin tsagar. Garin citta ba shi da abin da zai yi a irin wannan wuri.

Na daka ƙwayoyin na narkar da su a ruwan ɗumi, na zuba ta babban tiyon lagireto na sama. Ban zuba ta robar ajiyar ruwa da ke gefe ba, domin a tsarin motata ruwan wannan robar ba ya zagayawa, garin zai kwanta a gindinta ne kawai. Na bi awon da ke jikin fakitin, ban ƙara ko ɗaya ba, na buɗe hita gaba ɗaya, na tuƙa motar har tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa sai injin ya yi zafi, ya buɗe ruwan ya zagaya sosai. A rana ta farko ban ga wani canji ba, kuma na faɗi wannan ne saboda masu gaggawa, waɗanda a nan ne suke ƙara fakiti na biyu da na uku. Bayan injin ya yi zafi ya huce wasu lokuta, noti ɗaya ya bushe, ɗayan kuma ya biyo baya bayan 'yan kwanaki. Na goge farin tabon na ci gaba da dubawa, bai dawo ba. Da na maimaita gwajin famfo allurar ta tsaya cak, zafin injin bai ƙaru ba, hita kuma tana hura ɗumi kamar da. A wannan aikin kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ruwan ya tashi daga launinsa mai haske ya koma kamar ruwan kududdufi, kuma wani laushin datti ya taru a ƙarƙashin murfin lagireto, wanda dole a riƙa wankewa domin kada ya hana robar murfin zama daidai. Wannan canjin launi ya fi damuna a sabon inji fiye da yadda zai dame ni a tsoho, domin a watannin farko launin ruwa da na mai su ne idanun mai inji, kuma idan ruwan ya riga ya gurɓace da magani, zai yi wuya a gane ranar da mai ko tsatsa suka fara shiga. Haka kuma toshiyar ba ta dindindin ba ce. Idan aka wanke hanyoyin ruwa da sinadari mai ƙarfi tana iya tafiya, yoyon ya dawo.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne dalilin da ya sa bulok da aka gyara yake fitar da yoyon da babu shi kafin a sauke shi. Tsohon bulok yana tara tsatsa da ƙanzo a hanyoyin ruwansa shekara da shekaru, kuma wannan dattin yakan rufe ƙananan ramukan da suka samu tun wajen zubin ƙarfe ko waɗanda tsatsa ta ci. Idan aka dafa bulok a sinadari ko aka gasa shi aka kakkaɓe, dattin yana tafiya, ramukan su buɗe. Ga kuma marufan ƙarfen nan masu kama da murfin kwalba da ake bugawa a gefen bulok, waɗanda ake canzawa a kowane babban aiki. Idan bakin ramin ya ci tsatsa, ko aka buga murfin a karkace, ko ba a shafa gam ba, zai yi gumi. Faɗaɗa silinda kuma yana rage kaurin bangon da ke tsakaninta da ruwa, shi ya sa masu aikin kirki suke auna kaurin bangon da na'urar sauti kafin su yanka. Sannan akwai fuskar bulok da ta top, waɗanda idan ba a goge su da santsin da gasket yake buƙata ba, musamman gasket na zamani mai falle-fallen ƙarfe, ruwa zai sami hanya. Idan top na alminiyon ne bulok kuma na ƙarfen zubi, matsalar tana ƙaruwa, domin alminiyon yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, fuskokin biyu suna gugar gasket a kowane zafi da hucewa. Daga cikin waɗannan duka, ƙananan ramukan zubi da gumin tiredi da ɗan tsatsafon gefen gasket su ne ƙwayoyin suke iya magancewa. Murfin bulok da ke yoyo kuwa, idan hannu yana kaiwa gare shi, cire shi a buga sabo ya fi sauƙi kuma ya fi tabbas.

Injin abokina labarinsa daban ne, kuma shi ne ya sa na ga ya wajaba in rubuta wannan. Inji ne mai silinda huɗu, an faɗaɗa silindarsa, an sa sabon gasket, amma tun makon farko ruwa yake raguwa ba tare da an ga jiƙa a waje ba. Tiyon sama yana yin tauri jim kaɗan bayan an tayar da injin, tun kafin ya yi zafi, kuma da safe yakan yi ɗan gargada da farin hayaƙi a salansa kafin ya daidaita. Shuɗin ruwan gwaji ya koma rawaya. Duk alamun sun nuna cewa silinda da ruwa sun haɗu, kuma abin da ya kamata shi ne mu cire top nan take. Amma mun gaji, motar kuma ana buƙatarta, sai muka sayi kwalbar irin maganin da ake tallatawa domin gasket da ya ƙone da bulok da ya tsage.

Wannan rukunin yawancinsa sodiyam siliket ne, wanda ake kira ruwan gilashi. Yana nan a narke a cikin ruwa, amma idan ya isa wuri mai zafin da ya kai digiri 100 zuwa 105 ya rasa ruwan jikinsa, sai ya daskare ya zama abu mai tauri kamar gilashi, wanda ba ya sake narkewa sai zafi ya haura digiri 800. Hikimar ita ce bakin tsagar da ke kusa da wuta shi ne wuri mafi zafi, don haka a can zai daskare. Domin a fahimci ƙarfin wannan sinadari, ya isa a tuna cewa a 2009, lokacin da gwamnatin Amurka ta yi shirin karɓar tsofaffin motoci masu shan mai, da shi aka riƙa kashe injunansu: a zubar da baƙin mai, a zuba ruwan gilashi a madadinsa, a tayar da injin har ya ƙame. Wannan yana da alaƙa kai tsaye da maganarmu, domin idan yoyon inji yana kai ruwa cikin baƙin mai, to duk abin da aka zuba a lagireto zai iya bin hanyar ya isa ga sababbin metal da kiranshaf. Ko gilaikol kaɗai idan ya shiga mai yana lalata metal, balle a haɗa shi da abin da yake zama gilashi.

Mun bi umarnin kwalbar ba tare da tsallake komai ba. Mun zubar da ruwan da ke ciki, mun wanke da ruwa zalla, mun cire tamostat, mun zuba maganin a hankali injin yana sanyi, sannan muka bar shi a silo tsawon lokacin da aka rubuta. Gaskiya ita ce ya yi aiki da farko. Farin hayaƙin ya ɗauke, tiyon ya daina tauri, ruwan ya tsaya a inda yake, kuma mun yi farin ciki na gaske. Bayan 'yan makonni, a wata doguwar tafiya mai hawa da kaya, allurar zafi ta fara tashi, kuma kafin a dawo duk alamun farko sun dawo, tare da wata sabuwa, wato hita ta daina ɗumi sosai. Da muka shafa lagireto injin yana da zafi, muka ji wani sashe nasa da sanyi, alamar cewa ruwa ba ya bi ta nan.

Da muka cire top, gasket ɗin lafiyarsa ƙalau. Tsaga ce siririya a bangon silinda ta uku, wadda ido ba ya gani sai da aka yi mata gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe, irin gwajin da ya kamata a yi wa kowane bulok na ƙarfen zubi kafin a kashe masa ko sisi. Maganin ya cika tsagar, amma gilashi ba ya lanƙwasa, ita kuwa tsaga a bangon silinda tana buɗewa tana rufewa da kowane bugu da kowane canjin zafi, don haka toshiyar ta farfashe. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne makonnin da muka yi muna tuƙa injin ruwa yana taɓa sababbin ringi, har bangon silindar ya yi tabo. A ƙarshe sai da aka fafe silindar aka dasa mata laina, wato sabon bututun ƙarfe da fistin zai riƙa gudu a ciki, aka canza lagireto da ƙaramin lagireton hita, aka sha wahalar kankare farin abin da ya manne a hanyoyin ruwa. Gyaran gangar auzinawa muka yi, kuma ban ɗora laifin duka a kan kwalbar ba, domin mu ne muka kai ta inda ba wurinta ba. Irin wannan magani yana da hujja a tsohuwar motar da darajarta ba ta kai kuɗin sauke inji ba, inda mai ita yake neman 'yan watanni kawai. A injin da aka zuba masa sababbin kaya, abin da za a yi hasara ya fi abin da za a tsira da shi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun garanti, wanda ya kamata mutum ya yi tunaninsa kafin ya buɗe kowace kwalba. Idan wani ne ya yi aikin bulok ɗin ko ya haɗa injin, yoyon da ya bayyana a makonnin farko shaida ce a hannun mai mota. Da zarar an zuba magani, an ɓata shaidar, kuma an bai wa mai aikin damar cewa abin da aka zuba ne ya jawo zafi ko toshewa. Shawarata ita ce a koma wurinsa da injin yadda yake, a yi gwajin matsi a gabansa, idan kuma shi ne ya ga a sa ƙwayoyi, to ya faɗa da bakinsa, zai fi kyau ma ya rubuta.

Ba zan ce ruwan gilashi ba shi da gurbi a aikin bulok ba, domin ƙwararru suna amfani da danginsa, amma ta wata hanya dabam. Idan aka ɗinke tsagar ƙarfen zubi da ƙusoshi masu tiredi da ake jerawa suna cin juna, kamar tsarin Lock-N-Stitch, ko aka yi walda, wasu masu gyaran bulok sukan zagaya da maganin yumɓu irin na Irontite ko na Moroso a hanyoyin ruwa domin ya rufe 'yan ƙofofin da suka rage. A nan ƙarfe ne yake riƙe da tsagar, maganin cikon gumi kawai yake yi. Ana yin sa da ruwa zalla domin ba ya jituwa da gilaikol, a zubar da shi bayan ya zagaya, a bar bulok ya sha iska ya bushe kafin a zuba ruwan sanyaya na gaske, kuma mai hankali yakan kewaye hita da tiyo domin kada maganin ya shige ta. A masana'antu ma akwai hanyar da ake sa ƙarfen zubi mai ƙananan ramuka a cikin tukunya a zuƙe iska, sannan a tura masa wani ruwan gam ya shige ramukan ya daskare. Duk waɗannan ana yin su ne bayan an san inda ramin yake da girmansa.

Tsakanin garin tsirrai da ruwan gilashi akwai rukuni na uku, masu ɗauke da ƙananan zaruruwan yumɓu da garin jan ƙarfe ko alminiyon. K-Seal yana cikinsu, ana zuba shi ba tare da an zubar da ruwan da ke ciki ba, kuma masu yin sa sun ce yana rufe ramin da faɗinsa ya kai milimita 0.635. Wannan adadin ya burge ni saboda gaskiyar da ke cikinsa, domin yana nuna iyakar abin da ake magana a kai, wato ramin da bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Dole ne ma iyakar ta zama haka, tunda bututun lagireto na zamani da na hita sirara ne, kuma maganin da zai iya toshe babban rami zai toshe su ma. A sabon lagireto mai tsabta haɗarin kaɗan ne idan an bi awo. A tsohon lagireto da ƙanzo ya riga ya rage masa hanya, wanda mutane da yawa suke mayarwa a kan sabon inji domin rage kashe kuɗi, ko ƙwayoyin tsirrai ma suna iya ƙarasa toshe shi.

Idan aka tambaye ni yau game da injin da aka sake haɗawa yana yoyo, tambayata ta farko ita ce ina ruwan yake zuwa. Idan waje yake fita, gumi ne ba zuba ba, an duba ɗaurin notuna da sifana mai awo bisa umarnin mai gasket, an tabbatar ba tiyo ko famfon ruwa ko murfin bulok ba ne, mai yana da tsabta kuma shuɗin ruwa bai canza ba, to ina ba da shawarar ƙwayoyin tsirrai da zuciya ɗaya, sau ɗaya, bisa awo, a kuma ba su kwanaki. Idan ba su tsayar da shi ba, ramin ya fi ƙarfinsu, kuma ƙara wani fakiti lagireto kawai zai cutar. Idan kuwa ruwan yana shiga silinda ko yana haɗuwa da mai, a kashe injin a ɗauko sifana, ko da an gama haɗa shi jiya ne.

Injina yana nan yana aiki, notunan nan biyu a bushe. Duk da haka na sayi sabon gam na tiredi na ajiye, kuma ranar da lokacin canza ruwa ya yi, tunda dole in zubar da ruwan bulok ɗin gaba ɗaya, zan zare sandunan biyu ɗaya bayan ɗaya, in wanke ramukan in busar da su da iska, in shafa gam yadda ya kamata in mayar, sannan in cika da sabon ruwa mai haske wanda zan iya karanta launinsa.